Abin da Ya Ci Ƙasan Tantabara

Zuwa ga maigidana Sagiru,

Assalamu alaikum. Kafin ka murɗa makullin nan, zauna ka ba ni amsar wannan: ƙwayarsa kamar gero, amma ba a surfa shi, ba a daka shi. Na ba ƙasa ta ci ta yi ƙiba, na ba ƙarfe ya ci ya rame. Mene ne? Kada ka yi gaggawa. Ka san ƙa'idar tun kana zama a cinyata kana jiƙa mini zane: wanda ya kasa, sai ya ba da gari. Ni kuwa na riga na zaɓi garin da nake so, za ka same shi can ƙasa.

Bayan haka, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina yi maka fatan alheri a tafiyar nan taka ta Kaduna. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya haɗa ka da maigida nagari a garejin da za ka, ya sa hannunka ya zama abin nema. Allah ya jiƙan kakanka mai motar, ya jiƙan babanka da bai ga wannan rana ba.

Na ɗaure takardar nan a sitiyari da zaren saƙa don na san halinka. Da a hannu na ba ka, cusa ta za ka yi a aljihu, sai ranar wanki a tsince ta. Ka yi haƙuri da rubutun, na 'yan yaƙi da jahilci ne, kwana huɗu na yi ina jan sa kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. Miji ne kai da bai taɓa ɗinka mini ko ɗankwali ba, to yau ka biya ni da karatu, ka karanta har ƙarshe.

Ga abin da ya sa na rubuta. Makon jiya ina bayan zana ina tsince wake na ji ka kana gaya wa abokanka cewa in ka kai Kwanar Dangora, daidai rumfar hatsin Baffanka Ilu, za ka rage gudu ka danna hon sau uku ya fito ya ga motar da ya kashe ta tashi, sannan ka ba ta wuta ka wuce. Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Shekara biyu ke nan ba ka gaishe da ƙanin ubanka ba saboda motar nan, yanzu kuma za ka bar gari da wannan a ranka. Sagiru, Ilu bai kashe Tantabara ba. Ni ce. Zan gaya maka yadda aka yi, ɗaya bayan ɗaya, ba don ka ji tausayina ba, sai don kada ka tafi da kayan da ba naka ba.

Kai ba ka san ta da ƙuruciyarta ba. Kakanka ya saye ta a hannun wani likita da zai koma ƙasarsu, lokacin yana harkar gyaɗa. Launinta toka-toka ne mai sheƙi, shi ya sa yaran unguwa suka sa mata Tantabara. Amma abin da ya fi so a jikinta shi ne allon gaban nan da kuke ce wa dashbod, na katako ne mai zane kamar an zuba zuma a faranti, da agogo biyu masu allura. Yana da ƙyalle na musamman don shi. Ko ni ban isa in ɗora ƙullin goro a kai ba. In na yi magana sai ya ce, “Ke kina da baki ki ce a wanke ki, ita fa?”

Da ya rasu na shiga takaba. Ba fita, ba kwalliya, ba lalle. Rumfar kwanon da ka mayar gareji tana cikin gida, don haka nan nake zuwa da hantsi in zauna a kujerar gaba in yi kukana inda ba mai cewa in yi haƙuri. Sai na ga allon ya fara dushewa. Na ce a raina, ƙoshiyata da akushina in sun bushe man gyaɗa nake shafa musu su dawo, wannan ma ai katako ne. Na ɗebo mai a kasko na shafe shi tas. Ya yi ƙyalli har na ga fuskata. Gobe na ƙara, jibi na ƙara. Wata huɗu da kwana goma ina yi wa mota kwalliyar da aka hana ni.

Ka san sauran, don kai ka kwashe. Man ya shige, ya yi baƙi, ya yi danƙo, ƙasa ta manne. Kyankyasai suka ji ƙanshi suka tare, ɓeraye suka biyo su suka cinye wayoyin bayan agogo. Ranar da ka kwance allon ka fito da shi rana, ina zaune ina ɓarar gyaɗa, ka shinshina ka ce, “Iya, wanda ya yi wannan aikin ko dai mahaukaci ne ko mai tuyar ƙosai.” Na ce, “Allah ya shirye shi.” Ka ce amin da ƙarfi. To ga wadda ka yi wa addu'a, kuma ina ganin ta fara karɓuwa.

Abin da nake so ka ɗauka a nan: da ƙauna na yi ɓarnar nan, ba da mugunta ba, kuma ɓarnar ba ta ragu ba don da ƙauna aka yi ta. Da na aika an tambayi ko kafinta ɗaya, da ya hana ni. Ban tambaya ba don ina ganin wa ya fi ni sanin kayan mijina. A Kaduna za a kawo maka motocin da ba ka taɓa buɗewa ba. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka je ka tsuguna gaban wanda ya sani, ko da ka girme shi. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce. Ni tawa ta kai shekara goma sha biyar.

Wannan ƙaramin laifi ne. Ga babba.

Shekara biyu bayan rasuwar, babanka yana koyarwa a Doguwa, kuna can tare, daga ni sai Ilu da iyalinsa a gida. Aka yi rabon wani abu a ofishin ƙaramar hukuma gab da faɗuwar damina. Ba zan faɗi sunansa ba, shi ne kacici-kacicinka. Abu ne da kowa ke nema ido rufe, mutum ya kwana uku yana bin layi ya dawo hannu wofi. Ilu ya bi layin da sunan gonar kakanka, Allah ya taimake shi ya samo buhu shida. Da na ga buhu shida a tsakar gida, maimakon in gode wa Allah, sai na fara lissafa masu zuwa roƙo. Na ce in na sa a rumbu za a gani, in na sa a ɗaki mata masu shigowa za su gani. Wa zai leƙa cikin motar mamaci? Ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki, rana tsaka, unguwa ba kowa, na sa Ilu ya cire kujerar baya muka jera huɗu a ƙasa, biyu a but, muka rufa tabarma.

Ilu ya ce, “Iya, anya abin nan yana shiri da ƙarfe? Na ga yadda yake cin kwanon awo.”

Na ce, “Kwana nawa ne? Da an yi noman fari za mu fitar. Kai dai ka iya bakinka.”

Washegari sai ga Hari. Ka san ta, bafillatanar nan da ta tsufa yanzu, wadda rugarsu take bayan gonarmu. Shekara da shekaru tana kawo mini nono, ranar da na haifi Ilu ita ta fara shigowa da man shanu. Ta sauke ƙwarya, muka gaisa, ta ce maigidanta ya bi layi bai samu ba, masararsu ta fito, ko zan taimaka mata da tiya biyu, an ce Ilu ya samu. Sagiru, na dubi matar nan cikin ido na ce, “Hari, wa ya gaya miki? Ko ƙwaya ba mu samu ba.” Ta ce, “Ayya, ashe duk ɗaya muke. Allah ya ba mu.” Har ta ƙara mini ludayi ɗaya na nono don ta lallashe ni.

To ka ga inda na ɗaure kaina. Gonarmu da tasu iyaka ɗaya ce. In na fitar na zuba, Hari za ta gani da idonta, ta san na yi mata ƙarya. Ilu ya zo ya ce lokaci ya yi, na ce a dakata. Ya sake zuwa, na ce a dakata. Masarar Hari ta yi rawaya, tawa ma ta yi rawaya, muna haɗuwa a kan iyaka muna yi wa juna jaje, alhali buhu shida suna kwance a gida suna jin daɗin kujerar likita. Da rani Hari ta sa aka kwana da shanunsu a gonata sati biyu don ta ga na yi asara. Wannan alherin ya ƙara rufe mini baki. Damina ta biyu ta zo, na ce bana ma a bari, in an manta sai mu ce sabo muka saya.

Kwanon rumfar yana yoyo daidai kan motar, gilashin baya na hagu kuma ba ya rufuwa duka. Ban kula ba, don na daina shiga. Mutum ba ya son ganin wurin da ya ajiye ƙaryarsa. Sai bayan kaka na buɗe. Wani wari ya buge ni har idona ya yi ruwa. Buhunan sun narke sun zama kamar kunun da ya kwana, ruwan ya kwanta a ƙasan motar, ƙarfen ya yi ja ya tashi ɓawo-ɓawo. Na sa ɗan yatsa na danna, yatsan ya wuce, na ga ƙasar rumfa ta ramin. Na zauna a nan na rasa kuka. Abin da ya rage muka haƙa rami bayan ɗaki muka binne. Gwandar nan da kake cewa babu mai zaƙinta a garin nan, a kansa ta tsiro. Ka sha laifina da yawa ba ka sani ba.

Ka riƙe wannan, maigida. Tiya biyu aka roƙe ni. Da na bayar, da na zuba sauran a gonata da rana kowa yana gani, da na ci masara, da motar tana nan lafiya. Na hana tiya biyu na rasa buhu shida da amfanin shekara biyu da ƙasan mota. In Allah ya ba ka abu a inda za ka, abokin aiki ya ce ara mini guduma, ko san mini fenti kaɗan, in za ka iya ka ba shi. In ba za ka iya ba, ka ce ina da shi amma ba zan iya bayarwa ba. Zai ji haushi kwana biyu ya huce. Amma kada ka ce babu alhali akwai, don daga ranar kai ne za ka koma gadin wannan babun, abinka kuma ya fi ƙarfinka.

Na uku ya shafi sana'arka kai tsaye, don haka ka buɗe kunne.

Babanka ya aiko cewa zai zo babbar salla, kuma yana so a tayar da motar a kai ta Doguwa. Saura sati uku. Hankalina ya tashi. Na sa aka kira mini wani mai fenti daga Tudun Wada, ana ce masa Ɗan Jummai, ya rasu yanzu, Allah ya gafarta masa, ba shi da laifi. Ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, ya girgiza kai.

Ya ce, “Iya, wannan ba aikin fenti ba ne. Sai an yanke ƙasan nan gaba ɗaya an kawo sabon ƙarfe an yi walda. Wata biyu, in an yi sauri.”

Na ce, “Ɗan nan, ni ba wata biyu nake da shi ba. Ba za a iya rufewa ba?”

Ya ce, “Za a iya rufewa. Amma tsatsa in an rufe ta ba barci take yi ba, ci take yi.”

Na ce, “Ta ci, in dai ba a gabana ba.”

Ya yi dariya, ya ce tsofaffi akwai rigima. Na yi ta lallashinsa, na dama masa fura, na kira shi angona kamar yadda nake kiranka, har ya yarda. Ya buɗe gwangwanayen madara ya baje su a kan ramukan, ya bi da kwali, ya kwaɓa farin ƙullin nan da kuke kira fila ya shafe kamar mai yaɓen ɗaki, ya goge da samfefa, ya fesa baƙin fenti, muka mayar da leda da kujera. Wallahi ta yi kyau. Har na fara yarda da kaina cewa ba abin da ya faru.

Kai ka tono wannan aikin bara waccan. Ina kallonka kana bin jikin motar da ƙaramar guduma kana saurare, inda ƙarfe ne ta yi ƙara, inda fila ne ta yi shiru kamar an bugi katifa. Ka kira ni ka nuna mini mayen ƙarfe, yana kamawa a nan yana faɗuwa a can. Ka ce, “Iya, ƙarfe ba ya ƙarya, mutane ne ke sa shi.” Da ka ɓamɓaro gwangwanin farko ka ɗaga shi sama kamar ka kamo ɓera. Sannan ka faɗi maganar da ta hana ni cin tuwo ranar: “Abin mamaki, tsatsar nan daga ciki ta fara, ba daga ƙasa ba.” Saura kaɗan ka kama ni. Sai kai da kanka ka ce, ai da Baffa ya shiga rafi da ita ruwa ya cika ta ya bar shi a ciki. Na bar ka a kan haka.

Na ga yadda ka yi naka. Ka yanke har inda ƙarfe ya yi fari, ko da ramin ya ninka. Ka auna da kwali, ka yanko sabo, ka buga shi a kan kututture har ya ɗauki siffa, ka ɗiga walda kaɗan-kaɗan kana jira ya huce don kada ya lanƙwashe. Wata bakwai a kan ƙasan mota, wurin da ba mai gani sai wanda ya kwanta. To Sagiru, a Kaduna irina za su zo maka da yawa. Mai son sayar da mota jibi, direban da ya buga ta maigidansa bai sani ba, mai biki ranar Asabar. Za su yi maka daɗin baki, su ce rufe kawai. Kada ka zama Ɗan Jummai. Mutumin kirki ne, ya san gaskiya, ya faɗe ta sau ɗaya, sannan ya bari tsohuwa ta rinjaye shi da fura. Ka faɗa sau ɗaya, ka faɗa sau biyu, in sun ƙi ka miƙa musu makullinsu. Wata rana ɗan wani ne zai zauna a kan abin da ka rufe.

Na zo inda alƙalamin yake yi mini nauyi.

Babanka ya zo ana gobe salla. Bayan an sauko idi aka turo motar tsakar gida, ya zagaya ta yana murmushi, ya shafa rufinta kamar yana gaishe da ubansa. Ya buɗe ƙofar baya ya sa ƙafa zai shiga. Ƙafar ta wuce har gwiwa. Ƙarfen ya yanke shi a ƙwauri, jini ya ɓata farar rigar salla. Ka san tabon nan, ka sha tambayarsa. Ya zaro ƙafar, ya tsuguna ya ga gwangwani da kwali, ya miƙe. Bai yi ihu ba, babanka ba ya ihu. Ya ce, “Wa ya yi wannan?”

Makulli a hannun Ilu yake, shi ke tayar da injin lokaci-lokaci kafin mu zuba buhunan. Kuma kowa ya san ya taɓa ɗaukarta sau ɗaya ya kai surukarsa asibiti daga Burumburum, ya ƙetare wani ɗan rafi da ruwansa bai kai rabin taya ba. Babanka ya juya ya dube shi. Ilu ya dube ni. Ina tsugune gaban murhu ina juya miyar salla. Sagiru, na ga idon ɗana yana jirana, na mayar da kaina cikin tukunya na ci gaba da juyawa.

Sai na ji Ilu ya ce, “Ni ne, Yaya. Na shiga ruwa da ita. Na ji tsoro na sa aka rufe.”

Babanka ya ce, “Ɓarnar ba ta dame ni ba, Ilu. Rufewar ce. Ashe za ka iya kallona in taka.” Ya karɓi makullin ya sa a aljihu. Bai ci abincin salla ba.

Ba su yi faɗa ba, da ma sun yi. Gaisuwa ce ta koma ta baƙi. Babanka ya daina shawara da shi a kan gona, ya daina aika masa da komai. Bayan shekara Ilu ya kwashe iyalinsa ya koma Kwanar Dangora ya kafa rumfar hatsi. Ranar da zai tafi na bi shi zaure, kafin in yi magana ya riga ni. Ya ce, “Iya, ki bar shi. Gara ya ga baƙina da ya ga naki.” Na karɓi wannan maganar na yi matashi da ita. Kullum ina cewa in babanka ya zo hutu zan gaya masa. Ya zo hutu sau nawa? Ranar da aka kawo shi daga Doguwa ba lafiya, kwana tara yana kwance a ɗakina, ni ke ba shi ruwa. Sau uku na buɗe baki. Na ce bari ya ji sauƙi, kada in ƙara masa. Bai ji sauƙi ba. Ilu ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Ɗana ya tafi yana ganin ɗan'uwansa maci amana ne, ni kuwa da na haife su duka ina zaune da amsar a bakina.

Ba ni da wata dabarar da zan ba ka a kan wannan, don ni ban yi ta ba. Abin da na sani kawai, ranar da ta dace da faɗin gaskiya ba ta zuwa. Na jira ta shekara goma sha ɗaya, kullum gobe ta fi yau kyau. In ka yi laifi aka kama wani, ka yi magana kafin miyar ta tafasa. Kowace rana da ka ƙara, bakin yana ƙara nauyi, wanda ya ɗaukar maka kuma yana ƙara tsufa da kayanka.

Kai ka gaji fushin babanka kamar yadda ka gaji hancinsa. Ranar da Ilu ya ji ka fara gyaran, ya hau babur ya zo musamman. Kana ƙarƙashin mota, ya yi sallama, ya ce, “Sannu da aiki, ɗana.” Ba ka fito ba. Daga nan ƙasa ka ce, “Baffa, ka zo duba abin da ka rage ne?” Ya yi 'yar dariya, ya ce Allah ya taimaka, ya shigo ya gaishe ni, ya ƙi zama. Ina jin ku. Tsintsiya tana hannuna, na ci gaba da shara.

Kuma ga wani abu. Katakon maɗacin da ka sassaƙa sabon dashbod da shi, wanda na ce maka wani kafinta a Bebeji ne ya ba ni don yana tunawa da kakanka, babu wani kafinta. Bayan sati biyu da waccan maganar taka Ilu ya aiko da shi a motar hatsi, a naɗe cikin buhu. Ya ce ya shekara shida a rumfarsa yana bushewa, ba zai tsage ba, kuma kada in ce daga gare shi ne don za ka ƙi karɓa. Ka yi wata biyu kana gogarsa, ka huda gurbin agogo da hannunka, ka shafa masa man ƙyalli bakwai kana bari ya sha iska. Ka kira ni ka ce, “Iya, zo ki ga fuskarki.” Yanzu haka da kake karatun nan yana gabanka. Ɗaga kai ka dube shi.

To, na san ka kasa kacici-kacicin, ko ka gane ma ban yarda ba, ni ce babba. Ba ni gari. Kwanar Dangora nake so.

In ka kai, kada ka taɓa hon. Ka tsaya, ka kashe mota, ka fito, ka cire takalmi, ka tsuguna ka gaishe da Baffanka yadda ake gaishe da uba. Ba ya karanta boko, sai ajami, don haka ka karanta masa takardar nan da bakinka, kada ka tsallake ko layi ɗaya, har wurin miyar. Zai ce a bar maganar, ya wuce. Kada ka bari. Ka buɗe masa ƙofar gaba ya zauna, ka juyo da shi gida. Tafiyar ba ta da nisa, Kaduna kuma tana nan inda take gobe. Ƙafafuna ba sa kai ni ko bakin titi yanzu, kuma akwai maganar da ba a aikawa a takarda. Ina so in roƙe shi gafara da bakina kana tsaye, tun da wanda ya kamata ya tsaya a wurin ba ya nan. Na aika a kira mini Hari ma da la'asar, tata daban ce.

In bayan wannan ka ji ba ka son ganin fuskata, ba zan ce ka yi laifi ba. Ka sake ni, na yarda, dama auren namu ba ci ba sha. Amma ka riƙe Baffanka. Ni saura kaɗan, shi ne zai tsaya maka ranar neman aure, shi ne zai yi wa ɗanka huɗuba.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare gabanka da bayanka. Allah ya raba ka da wutar walda a ido da ƙarfe a ƙafa, ya ba ka haƙurin aiki da gaskiyar baki. Kada ka bar salla don mai mota yana jira. Allah ya yi maka albarka, ya yafe wa babanka, ya saka wa Ilu da abin da ni ban iya ba, ni kuma ya ba ni ikon ƙarasa abin da na fara yau. Zan shimfiɗa tabarma a rumfar, inda motar ta tashi. A nan za ku same ni.

Wassalam. Ni ce matarka ta fari,
Iya Tasalla

Amsar kuwa takin zamani ne. Buhu shida, damina biyu.